Edmund Burke: Ɗan majalisar da ya ƙi karɓar umarnin mazaɓarsa

Ranar 3 ga Nuwamba, 1774, aka kammala zaɓe a birnin Bristol na Ingila, bayan an shafe kusan wata guda ana kaɗa ƙuri'a. Kujeru biyu birnin ke da su a Majalisar Wakilan Birtaniya. Wanda ya zo na ɗaya, Henry Cruger, ɗan kasuwa ne haifaffen New York, kuma da ya miƙe yin godiya sai ya tabbatar wa jama'a cewa umarninsu wajibi ne a kansa. Wanda ya zo na biyu baƙo ne a garin, ɗan asalin Ireland mai shekara 45. Shi ma ya yi godiya, sannan ya shaida wa mutanen da suka gama zaɓensa cewa zai saurare su, zai yi musu hidima dare da rana, amma idan aka zo kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa, hankalinsa zai bi. Bayan shekara shida suka raba shi da kujerar.

Sunansa Edmund Burke. Yau sama da shekara 200 da rasuwarsa, duk inda ake gardama kan ko ɗan majalisa ɗan aike ne ko amintacce, da wuya a tashi ba a ambace shi ba.

Ɗan gida biyu

An haifi Burke a birnin Dublin a watan Janairun 1729. Mahaifinsa lauya ne mai bin cocin gwamnati na Furotesta, mahaifiyarsa kuwa, Mary Nagle, 'yar Katolika ce daga yankin Cork. A Ireland ta wancan zamani wannan bambanci shi ke yanke wa mutum rabonsa a duniya. Dokokin da aka kafa sun hana 'yan Katolika, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, shiga majalisa, da kaɗa ƙuri'a, da aikin lauya, da sayen gona. An raini Edmund a kan addinin mahaifinsa, 'yar'uwarsa Juliana kuma a kan na mahaifiyarsu. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a wajen dangin uwarsa a karkarar Cork, inda ya ga yadda doka ke mayar da masu asali bare a ƙasar kakanninsu.

Ya yi karatu a wata makarantar 'yan ɗariƙar Quaker a garin Ballitore, ya shiga Kwalejin Trinity ta Dublin a 1744, ya kammala a 1748. A can ya kafa ƙungiyar muhawara ta ɗalibai. A 1750 ya tafi Landan don karatun lauya kamar yadda mahaifinsa ya so, amma ya watsar ya kama rubutu. Littafinsa na 1757 kan asalin abin da ke sa ɗan Adam jin kyau da jin kwarjini ya fito da sunansa cikin masana. A shekarar ce kuma ya auri Jane Nugent, 'yar wani likita ɗan Katolika. Wannan dangantaka ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: abokan hamayya sun riƙa zana shi a jaridu cikin rigar limaman Katolika, suna yaɗa cewa a ɓoye addinin uwarsa yake bi.

Kujerar da aka ba shi kyauta

Burke ba shi da gādon sarauta, ba shi da dukiya. A siyasar Birtaniya ta ƙarni na 18 irinsa ba ya shiga majalisa sai da ubangida. A 1765 ya zama sakataren Lord Rockingham, babban mai ƙasa kuma jagoran wani ɓangare na jam'iyyar Whig, wanda ya zama Firaminista a shekarar. A watan Disamba aka ba shi kujerar Wendover, ɗaya daga cikin ƙananan mazaɓun da ke aljihun masu ƙasa. Masu ƙuri'a a irin waɗannan wurare 'yan haya ne a gidajen mai garin, kuma a bainar jama'a ake faɗin wanda aka zaɓa, domin sai a 1872 aka fara ƙuri'ar sirri a Birtaniya. Wanda ya saɓa wa maigida ya san abin da zai biyo baya.

Cikin ɗan lokaci ya zama bakin ɓangaren Rockingham a majalisa. Ya goyi bayan soke harajin tambari da aka ɗora wa yankunan Amurka a 1766, kuma a 1770 ya wallafa wata maƙala da ta kare kafa jam'iyya, a lokacin da ake kallon jam'iyya a matsayin haɗin baki. Hujjarsa ita ce mutanen da suka yarda da manufa ɗaya dole su haɗa kai idan suna son taka wa fadar sarki burki.

Sai dai rayuwarsa ta kuɗi ba ta da tsabtar da maganarsa ke da ita. A 1768 ya sayi wani katafaren gida da gona kusa da Beaconsfield a kan kimanin fam 20,000, akasari da bashi, kuma bai fita daga bashin ba har ya mutu. Daga 1771 ya karɓi aikin wakiltar majalisar yankin New York a Landan da albashi, alhali yana zaune a majalisar da ke yanke hukunci kan Amurka. Doka ba ta hana ba a lokacin, amma masu sukarsa sun riƙe wannan.

Kiran Bristol

A 1774 mai Wendover ya shiga matsin kuɗi, ya buƙaci sayar da kujerunsa ga masu iya biya. Rockingham ya ba Burke wata mazaɓar aljihunsa, Malton, a arewacin Ingila. An riga an bayyana shi a matsayin wanda ya ci, sai ga manzanni daga Bristol suna neman ya zo ya tsaya musu. Ya kama hanya ba tsayawa, ya isa bayan an yi kwanaki da fara zaɓe.

Bristol ita ce birni na biyu a Ingila wajen kasuwanci, tashar jiragen ruwa da ta yi arziki da sukari, da taba, da cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. Masu ƙuri'arta sun kai kimanin 5,000, adadi mai yawa a wancan zamani. Attajiranta na tsoron yaƙi da Amurka zai kashe musu kasuwa, sun kuma ga Burke ne ya fi kowa iya faɗa wa gwamnati ta sassauta. Ya samu ƙuri'a 2,707, ya tsere wa Matthew Brickdale da 251 kacal.

A wannan yanayi ne ya yi jawabin da ya fi shahara da shi. Ya fara da amincewa da haƙƙin masu zaɓe: wajibi ne wakili ya kasance kusa da su, ya ba buƙatunsu nauyi, ya fifita maslaharsu a kan tasa, ya sadaukar da hutunsa saboda su. Abin da ya ce ba zai miƙa musu ba shi ne hukuncin hankalinsa, domin a ganinsa wakilin da ya ajiye tunaninsa ya bi ra'ayin jama'a ya ci amanarsu, ko da sun tafa masa. Ya kafa hujja da cewa yin doka aikin nazari ne, kuma babu hikima a tsarin da za a yanke hukunci kafin a yi muhawara, waɗanda suka yanke ɗin kuma suna can nesa ba su ji hujjojin da aka kawo ba. Majalisa a wajensa zaure ne na al'umma ɗaya mai maslaha ɗaya, saboda haka bai yarda a mayar da ita taron jakadun garuruwa masu gaba da juna ba. Bristol ce ta zaɓe shi, amma daga ranar da ya zauna, ƙasar baki ɗaya yake wa aiki.

Jama'a sun saurara, an watse lafiya. A ranar babu wanda ya san inda maganar za ta kai.

Laifuffuka huɗu

Shekarun farko sun tafi daidai. A watan Maris na 1775 ya gabatar da babban jawabinsa na neman sulhu da Amurka, majalisa ta yi watsi da shi, yaƙi ya ɓarke bayan wata guda. Ya kuma yi wa attajiran Bristol zirga-zirga a ofisoshin baitulmali, da kwastan, da rundunar ruwa, yana nema musu lasisi da rakiyar jiragensu. Amma da yaƙi ya yi zafi, kishin ƙasa ya motsa, da yawa daga cikin mutanen garin suka koma bayan gwamnati, shi kuwa bai sauya ba.

Babbar ɓaraka ta zo a 1778. Dokokin Birtaniya sun daɗe da ɗaure kasuwancin Ireland, sun hana ta fitar da kayayyaki da dama kai tsaye zuwa yankunan da Birtaniya ke mulka, don kada ta yi gogayya da 'yan kasuwar Ingila. Da aka kawo shawarar sassauta dokokin, attajiran Bristol suka tashi tsaye, ƙungiyarsu ta rubuta wa Burke cewa ya yi adawa. Ya ƙi. Ya mayar musu da amsa a rubuce, aka buga wasiƙun kowa ya karanta, yana bayyana cewa arzikin Ireland ba asarar Bristol ba ne, kuma wanda maƙwabcinsa ya samu abin saye shi ma ya samu mai saye. Matsin lambar garuruwan kasuwanci ya sa aka rage wa shawarar ƙarfi sosai. Kafin shekara biyu, bayan 'yan Ireland sun kafa rundunonin sa-kai ɗauke da makamai sun kuma ƙaurace wa kayan Ingila, gwamnati ta ba da fiye da abin da aka nema tun farko. Burke ya ga wannan a matsayin shaidar gaskiyarsa. Mutanen Bristol kuwa abin da suka gani shi ne ɗan Ireland ya fifita ƙasar haihuwarsa a kan garin da ya ba shi kujera.

A shekarar ta 1778 ya mara wa dokar Sir George Savile baya, wadda ta ɗan sassauta wa 'yan Katolikan Ingila: ta ba su damar gādon ƙasa da sayenta, ta kuma janye hukuncin ɗaurin rai da rai a kan limamansu. A watan Yunin 1780 Lord George Gordon ya jagoranci dubban mutane zuwa majalisa don neman a soke dokar. Zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma ta kusan mako guda, aka ƙona wuraren ibada da gidaje da gidan yarin Newgate, ɗaruruwan mutane suka mutu. Burke na cikin waɗanda aka yi wa barazana, har aka girke sojoji a gidansa. Ya kwashe iyalinsa, shi kuma ya fita cikin taron yana faɗin sunansa, bai janye goyon bayansa ba.

Na uku, ya goyi bayan ƙudurin Lord Beauchamp na sassauta wa waɗanda ake tsarewa a kurkuku saboda bashi. A garin da attajirai ke ba da kaya bashi, wannan ma bai yi wa mutane daɗi ba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi wuyar karewa. Burke ya yi shekara huɗu bai taka Bristol ba. Mutumin da ya ce wajibi ne wakili ya zauna kusa da mutanensa, shi ne ya bari sai a takarda suke jin muryarsa.

Ranar hisabi

A ranar 6 ga Satumba, 1780, ya tsaya a zauren taron birnin ya ɗauki tuhume-tuhumen ɗaya bayan ɗaya. Kan rashin ziyara ya kawo uzurin aiki, yana cewa a Landan ake yi wa Bristol hidima. Kan sauran ukun bai nemi gafara ba. Ya bayyana dalilinsa a kan kowanne, ya nuna musu cewa ba a zarge shi da cin hanci ko zalunci ba, abin da aka riƙe a kansa shi ne ya wuce su a wajen tausayi da adalci. Ya kuma gargaɗe su cewa idan suka saba wa wakilansu da rusunawa a gabansu, wakilan za su rusuna wa fada ma, domin wanda ya koyi tsoro ba ya zaɓen wanda zai ji tsoro.

Jawabin ya yi kyau, amma lissafin ƙuri'a bai sauya ba. Bayan kwana uku, da ya ga babu alamar nasara, kuma ɗaya daga cikin 'yan takarar ya faɗi ya mutu ana tsakiyar kamfe, sai ya janye. Brickdale da ya kayar a 1774 ya dawo. Cruger, wanda ya yi alƙawarin bin umarni, shi ma ya rasa kujerarsa a zaɓen, ko da yake ya sake samunta a 1784.

Kafin shekarar ta ƙare Rockingham ya mayar da Burke majalisa ta kujerar Malton, kuma a can ya zauna har 1794. A nan labarin ke da ƙaiƙayi. Wanda ya ƙi karɓar umarnin mutum 5,000 ya koma cin albarkacin mutum ɗaya. Da Rockingham ya rasu a 1782, ya bar wasiyyar a yafe basussukan da yake bin Burke, kujerar kuma ta ci gaba da zama a hannun magajinsa, Lord Fitzwilliam. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu kare Burke na cewa ra'ayinsa da na ubangidansa ɗaya ne tun asali, kuma sau da yawa shi ke jan ragamar tunanin ɓangaren. Duk da haka bai sake tsayawa a gaban babbar mazaɓa ba, kuma ya yi adawa da yunƙurin gyara tsarin zaɓe da zai rushe mazaɓun aljihu, haka nan da shawarar taƙaita wa'adin majalisa. A ganinsa ana iya wakiltar mutum da kyau ko da ba shi da ƙuri'a, matuƙar akwai masu kishin maslaharsa a zauren. Wannan ra'ayi ya yi wa masu mulki daɗi a ƙasar da mafi yawan maza da dukkan mata ba su da ƙuri'a.

Indiya da Faransa

Sau biyu ya riƙe muƙamin mai biyan albashin sojoji, a 1782 da 1783, inda ya rage damar da masu muƙamin ke da ita ta juya kuɗin gwamnati don amfanin kansu. A nan ma ya yi tuntuɓe, domin ya mayar da wasu ma'aikata biyu da ake zargi da almundahana bakin aiki, abin da ya jawo masa suka mai zafi.

Sauran ƙarfinsa ya tafi kan mutanen da ba su taɓa zaɓensa ba. Ya yi shekaru yana binciken yadda Kamfanin Gabashin Indiya ke tatsar al'ummar Indiya, ya jagoranci gurfanar da tsohon Gwamna Janar Warren Hastings a gaban Majalisar Dattawa. An fara shari'ar a watan Fabrairun 1788, jawabinsa na buɗewa ya ɗauki kwana huɗu, aka yi ta jan ƙafa har 1795, aka wanke Hastings. Kan cinikin bayi kuwa, sana'ar da ta gina Bristol, bai nemi a haramta shi ba a shekarun da yake wakiltar birnin. Ya tsara wani daftari na sassauta cinikin da kawar da shi sannu a hankali a wajen 1780, amma sai a 1792 ya miƙa shi ga gwamnati, ko da yake ya goyi bayan masu neman haramta cinikin a muhawarar majalisa tun kafin nan.

A watan Nuwamban 1790 ya wallafa littafinsa kan juyin juya halin Faransa, inda ya yi hasashen cewa rushe tsohon tsari gaba ɗaya zai kai ga zubar da jini, daga ƙarshe wani soja ya ƙwace mulki. Mary Wollstonecraft da Thomas Paine sun mayar masa da martani, suna zarginsa da tausayin sarakuna da manta talakawa. A watan Mayun 1791 ya raba gari da tsohon amininsa Charles James Fox a zauren majalisa, Fox na zubar da hawaye. Yadda ya saɓa wa mazaɓarsa a 1778, haka ya saɓa wa jam'iyyarsa, ya zama saniyar ware na wani lokaci, har abubuwan da suka faru a Faransa suka sa da yawa daga cikinsu suka dawo kan ra'ayinsa.

Ya bar majalisa a 1794, aka ba ɗansa Richard kujerar Malton. Cikin 'yan makonni ɗan ya rasu, kuma shi kaɗai ya rage masa. Burke bai farfaɗo daga wannan rashi ba. Ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1797, yana da shekara 68, aka binne shi a cocin Beaconsfield.

Abin da ya bari

Tun daga lokacin, 'yan majalisa a ƙasashe da dama sun riƙa fakewa da sunansa idan suka juya wa mazaɓunsu baya. Akasari rabin maganar suke ɗauka. Burke ya faɗa wa Bristol matsayinsa tun ranar farko, kafin a samu wani saɓani. Da saɓanin ya zo, ya rubuta dalilansa ya buga da sunansa. Da wa'adi ya cika, ya je da ƙafarsa ya tsaya a gabansu, ya kuma karɓi hukuncinsu. Kuma abubuwan da ya saɓa musu a kai, wato cinikin Ireland, da 'yancin 'yan Katolika, da fursunonin bashi, babu wanda ya ƙara masa ko sisi. Masu sukarsa kuma suna da tasu hujjar mai ƙarfi: wa zai tantance ko hankali wakili ya bi ko son zuciya, kuma me ya sa hukuncin mutum ɗaya zai rinjayi na dubban da za su ɗanɗana sakamakon dokar?

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗauki wani abu daga kowane ɓangare. Bai wajabta wa ɗan majalisa bin umarnin mazaɓarsa ba, amma sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi masa kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, aka kuma yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma ya mutu a matakin tantance sa hannu a watan Afrilun 2018. Kafin ma a kai ga kiranye akwai abin da ya fi shi sauƙi, wanda sau da yawa ba ya samuwa: yawancin ƙudurori da ƙuri'ar murya ake zartar da su, ba a rubuta wanda ya ce e da wanda ya ce a'a ba. Mutanen Bristol sun fusata da wakilinsu ne domin sun san inda ya tsaya a kan kowace magana.

A 1894, shekara 114 bayan janyewarsa, aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a tsakiyar Bristol, hannunsa na dama a ɗage kamar mai jawabi. Yana nan tsaye har yau.